Abin da aka tattauna kan ɗaukar hoton kullutu a jiki

Na tattaro shawarwarin da mutane suka bayar ne a taƙaice kan wane irin hoton asibiti ya dace a yi wa kullutu. Kusan kowa ya yarda cewa idan kullutu ƙarami ne a ƙarƙashin fata, sikanin sauti (ultrasound, irin wanda ake yi wa masu ciki) ake fara yi, shi zai nuna ko ruwa ne a ciki ko kitse ko tsoka, kuma ba ya amfani da haske mai cutarwa irin na eksire.

Amma fa idan ya wuce santimita 5, ko yana can ciki a tsoka, ko kullum ƙara girma yake, ko an cire ya dawo, to MRI (hoton na'ura mai maganaɗisu) ake so don shi ke fito da iyakarsa da ko ya taɓa jijiya, sai dai mai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki ya faɗa wa likita tukun. CT (hoton eksire na kwamfuta) kuwa galibi na duba huhu ne idan kullutun kansa ne, don can kansar tsoka ta fi yaɗuwa.

Abin da aka fi jaddadawa, kuma ni ma na ga dacewarsa: a yi hoton kafin a yanki nama a kai gwaji, yanka yana ɓata hoton. Tabon fata kuma madubin likitan fata ake sa masa, hoto ba ya yanke hukunci sai gwajin nama.