Ina ruwan kwatarmu yake zuwa? Cigiyar kalmar Hausa

Malamin Firamare, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Cigiya na kawo. Shekaranjiya aka tafka ruwa muna tsakiyar darasi, yara suka bar ni da allo suka yi cincirindo a taga, suna kallon kwata tana tafe da ledoji da robobin lemo har da wani silifas ƙafa ɗaya. Wata 'yar aji biyar ta juyo ta ce, "Malam, duk wannan ruwan ina za shi?" Ko tunani ban yi ba na ce teku. Da dare na buɗe taswira, sai na ga ashe ƙarya na sharara wa 'yar mutane. Ruwan Kano ba ya zuwa teku.

Abin da ya sauka a cikin birni da arewacinsa, Jakara ce ke kwashewa ta kai madatsar Wasai. Na kudu kuma Challawa yake faɗawa, Challawa ta haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya nausa gabas ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan sunan ya koma Komadugu Yobe, ya bi ta Geidam da Damasak ya shiga tafkin Chadi. Tafkin kuwa ba shi da ƙofar da ta ɓulle teku.

To gobe ina so in gyara kuskurena, amma na rasa kalma. Duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke taruwa ya faɗa kogi guda, Turawa na ce mata "drainage basin" ko "catchment", Amurkawa kuma "watershed". Mu me za mu ce?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam Malam. Ai sai ka ce magudanar ruwa, a wuce wurin. Mu dai namu na Zariya yana zuwa teku, Kubanni ta kai wa Galma, Galma ta kai wa kogin Kaduna. Ku Kanawa ko ruwanku ma bai yarda ya fita da riba waje ba.

Malamin Firamare, Kano:
Hajiya, za mu dawo kan wannan baƙar maganar. Amma magudana ba za ta yi ba. In na ce wa yaro magudanar ruwa, kwatar ƙofar gidansu zai gani, ko lambatu, ko kwalbati. Magudana hanya ce, siririya. Ni kuwa filin nake nufi gaba ɗaya, da gonaki da rufin gidaje da titi da tuddai, duk inda ɗigon ruwa zai sauka ya kama hanyar wannan kogin.

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
Malam, wannan kalma ta daɗe tana ba masu fassara wahala, kuma kullum kewaye ta ake yi. Hukumomin nan da gwamnatin soja ta kafa a 1976, irin ta Haɗeja da Jama'are, a labarai hukumar raya koguna ake cewa, kalmar ta sulale ba wanda ya lura. Hukumar ƙasashen tafkin Chadi da aka kafa a 1964, mai hedikwata a Njamena, ita ma yankin tafkin Chadi ake ce wa abin da take kula da shi. Wani lokaci kuma ka ji kwarin kogi. Na taɓa ganin wani sabon ma'aikaci ya buɗe ƙamus ya rubuto "bahon kogin Neja", muka yi ta dariya har aka tashi aiki. In ni ne zan tsaya kan kwari, tunda kunne ya saba da shi.

Ɗan Gashuwa:
Baba, a gafarce ni, kwari ya yi kaɗan. Kwari shi ne ƙasa-ƙasan da ke gefen kogi, inda muke shinkafa. Wa zai ce Dala da Gwauron Dutse suna cikin kwari? Amma ruwan da ya sauka a kansu nan wajenmu ya nufo, ko da bai iso ba. Kuma yawanci ba ya isowa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ruwan da ke zuwa mana ya sauya hali. Ga ciyawar kacalla ta cike hanyoyin ruwa a fadama, ruwa ya rasa mabi, ya kwanta a gonar wani, wani kuma tasa ta bushe ƙayau. Rana ta sha rabonta, yashi ya sha nasa. Shi ya sa maganar nan ta fi ƙarfin aji biyar. Mutumin Kano bai san ni da shi abu ɗaya muke ciki ba, don abin ba shi da suna.

Yanki kuma ai ba ya cewa komai. Yankin tafkin Chadi a kunnen mai sauraro Baga ne da Monguno da labarin tsaro. Ba wanda zai kawo Kano a ransa, balle Afirka ta Tsakiya, alhali daga can kogin Shari ya taso, kuma shi da Logon ne ke kawo wa tafkin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa. Namu na Yobe ɗan cikon mudu ne.

Yaya daga Maraɗi:
Sannunku da aiki 'yan'uwa. Mu a lakkwal "bassin versant" aka koya mana, kalmar ta biyu tana nufin gangare. Ga tamu tafiyar ruwan: gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya ya tsallako Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kabi su shiga Kwara, wato kogin Neja. Ba ruwansa da kwastan. Ni shawarata matattara. Matattarar ruwan Kwara.

Malamin Firamare, Kano:
Yaya, na gode, na so matattara da farko. Amma da na juya ta sai na ga ƙarshen tafiya take nunawa. Wasai matattara ce, tafkin Chadi matattara ne, kududdufin bayan unguwarmu ma haka. Inda ruwan ya taru ke nan. Ni inda ya taso nake nema. Sai dai kin ba ni wani abu da wannan gangaren na Faransanci.

Ku dubi rufin soro irin na da. Magini ba ya shafe shi a miƙe, sai ya karkata shi, wannan ɓangaren ya zubar ta indararon gabas, wancan ta na yamma. Kowane indararo da rabonsa na rufi. In aka ga indararo ɗaya na zubar da ruwa ja, an san ɓangaren da ƙasa ke zaizayewa, ba sai an hau ba. To indararon shi ne kogi. Rabon rufin nan da ke ciyar da shi, shi nake wa cigiyar suna. Me zai hana mu ce magangara? Magangarar kogin Haɗeja, wato duk ƙasar da ta gangara zuwa gare shi. Ginin kalmar irin na mahauta da masaƙa da majema ne, ba baƙo ba ne a baki.

Dattijo, Ƙauran Namoda:
Yaro, kalmar tana da mai ita. A wajenmu magangara ita ce inda shanu ke sauka zuwa gulbi su sha, ko inda hanya ta sulmiyo daga tudu. In ka ce mini magangarar gulbi, zan nuna maka wuri mai taku ashirin. Ga wadda ta fi: hurumi. Kowane gari da huruminsa, kowane sarki da nasa. Hurumin kogin Kaduna, ƙasar da ƙoramunta ke kai masa gaisuwa.

Bazazzagiya:
Kai, Baba ya kawo magana. Hurumi ta yi daɗi.

Injiniyar Ruwa, Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma. Hurumi ta burge ni ƙwarai, amma ina roƙon a bar mana ita, muna da wani gurbin da ya fi bukatarta. Filin da ke bakin kogi, wanda kogi ke malala a kai duk bayan 'yan shekaru, wanda bai kamata a yanka fuloti a ciki ba, shi ne hurumin kogi na gaskiya. In ka ce wa mutum ka yi gini a hurumin kogi, ya gane laifinsa nan take, ba sai an yi masa lacca ba. In kuwa muka shimfiɗa kalmar ta rufe rabin jiha, kowa ya zama mazaunin hurumi, gargaɗin ya mutu.

Game da magangara, gaskiya ne tana da ƙaramar ma'ana a karkara, amma ai kalma tana girma. Madatsa a da 'yar ƙasa ce da kara da manomi ke tare ruwa da ita a lambu, yau ga Kainji da Shiroro ana kiran su da ita, ba wanda ya ruɗe.

Sai wani tarko da nake so Malam ya kiyaye. Wannan "watershed" ɗin baki biyu gare ta. A Amurka filin take nufi, a Ingila kuwa asalinta layin tudun da ya raba filaye biyu, ruwa ya bi nan ko ya bi can. Kada mu gaji rikicin da ba namu ba, mu ba kowanne sunansa. Misali mafi kyau a ƙasar nan tsaunukan Jos ne. Daga can kogin Kaduna ya taso ya yi yamma, ya bi Shiroro da Zungeru ya faɗa Neja a ƙasar Nupe. Gongola ta yi arewa maso gabas, ta yi kwana ta sauko Binuwai a Numan. Dilimi da ta ratsa cikin garin Jos kuwa Jama'are ta nufa, wato Chadi. Hadari ɗaya zai zubar a kan tudun nan, wani ruwan ya bi ta Lakwaja da Onica ya ƙare a tekun Atalantika, wani ya ƙare a gonar ɗan'uwanmu na Gashuwa.

Ɗan Jarida Mai Ritaya:
Marabar ruwa ke nan.

Bazazzagiya:
A'a Baba, a rubuce yara za su karanta ta kamar ana yi wa ruwa sannu da zuwa. Kuma ga Marabar Jos a hanyarmu, za a ɗauka tasha ce.

Malamin Firamare, Kano:
To mu bi sawun raba-gardama mu ce raba-ruwa. Tudun raba-ruwa. A rufin kwano doron nan ne na tsakiya, yaro na gani ya gane. Kuma Hajiya, ga amsar baƙar maganarki: akwai raba-ruwa tsakanin Zariya da Kano, duk mai bin hanyar yana haye shi bai sani ba, don ba wani dutse ba ne, ɗan tudu ne da ko direba ba ya sauya masa giya. Ku kuna bayansa ta kudu, mu muna ta arewa. Ba rowa ba ce, karkatar ƙasa ce.

Ɗan Zango, Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana. Mu namu ba ya doguwar tafiya. Babban gwatan unguwarmu ta Nima ya kai wa kogin Odo, Odo ya zuba a tafkin Korle, sai teku, duka cikin gari ɗaya. Abin da ka jefa da safe kana iya tarar da shi a bakin teku da yamma. Ranar 3 ga Yuni 2015 da hanyar ta cika ta toshe, ruwa ya haɗu da gobarar gidan mai a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Magangarar Odo ta zauna mini a baki. Amma mene ne jam'inta?

Injiniyar Ruwa, Kaduna:
Amin. Magangaru, kamar makaranta da makarantu. Kuma suna shiga cikin juna kamar jeren kwalla: magangarar Kubanni tana cikin ta Galma, ta Galma tana cikin ta Kaduna, ta Kaduna tana cikin ta Neja, wadda ƙasashe 9 ke zama a kanta a hukumarsu ta Yamai.

Yaya daga Maraɗi:
Na janye matattara, amma da sharaɗi. Irin ta Chadi da ba ta da mafita a ba ta nata suna, don ita ce ta jawo zancen. Ni ƙwarya zan ce. Ƙwaryar Chadi. Abin da ya shiga ba ya fita sai dai rana ta ɗauka ko ƙasa ta tsotse.

Ɗan Gashuwa:
Wannan kam ta yi, Yaya. Ƙwaryar ce dai ruwan cikinta ya ja baya. A farkon shekarun 1960 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi ɗan kaɗan daga wannan.

Dattijo, Ƙauran Namoda:
Ni dai ban sauka daga kan hurumi ba, amma 'yata injiniya ta kawo hujja, na bar mata. Sai dai ku riƙa cewa magangarar ruwan kogi kaza a karon farko, kada mutanenmu su tafi neman inda shanu ke sha.

Malamin Firamare, Kano:
An karɓa, Baba. Na shiga aji yau da safe. Na sa yara biyu suka riƙe tsohon kwanon rufi da na lanƙwasa a tsakiya, na tsiyaya ruwa daga buta a kan doron, rabi ya bi dama ya jiƙa wa mai riƙon wando, rabi ya bi hagu ya faɗa ƙwaryar da na ajiye. Na rubuta a allo: Kano tana cikin magangarar ruwan Haɗeja, Haɗeja tana zuba a ƙwaryar Chadi, Zariya tana bayan raba-ruwa. Na kuma ba yarinyar haƙuri a gaban kowa. Ta kwafe tsaf, sannan ta ɗaga hannu ta ce to silifas ɗin nan fa, shi ma Chadi za shi? Na ce mata da wuya ya wuce kwalbatin bakin kasuwa.