Shawarwari kan maganin saba wa jiki da bununi

A tattaunawar da masu fama da atishawa da ƙaiƙayin ido suka yi a Damagaram, an fi tsayawa kan maganin da ke saba wa jiki da bununin gero da ciyawa sannu a hankali, ta allura ko ƙwayar ƙarƙashin harshe. Babbar shawara ita ce a daure a cika shekara 3 zuwa 5, domin wanda ya cika yakan ci gaba da samun sauƙi shekaru bayan dainawa. Idan ciwon ya dawo, a koma wurin likita a sake gwaji, tunda ƙurar hunturu ma kan jawo irin wannan atishawa. In bununin ne, ana iya maimaita maganin. Mai asma da ba ta lafa ba kuwa, kada a yi masa allurar.