Ayabar da aka liƙa a bango, don Allah a fahimtar da ni

Maman Sadiq:
Salama alaikum jama'a. Ɗana yana aji uku a sashen zane-zane a ABU Zariya, tun yana firamare hannunsa ke zana mutum sak kamar hoto, to wannan hutun da ya dawo sai na ga ya ajiye fenti ya koma tattara tsofaffin takalman roba yana wankewa yana jerawa a tsakar gida wai aikin makaranta ne. Da na yi magana sai ya nuna min labarin ayaba ɗaya da wani Bature ya liƙa a bango da salatif aka saye ta dala miliyan 6.2. Wallahi abin na damuna. Me ake saya a nan? Kuma waɗannan galari da yake ta ambato mene ne aikinsu?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Labarin gaskiya ne. Mutumin ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan, galarin Perrotin ne ya fara baje aikin a kasuwar zane-zane ta Art Basel a Miami a 2019 a kan dala 120,000, sai a Nuwamban 2024 aka yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York, wani attajirin ɗan kasuwar kirifto mai suna Justin Sun ya saya kuma daga baya ya cinye ayabar a gaban 'yan jarida. Bai yi asara ba, don abin da ya saya takardar shaida ce da ƙa'idar yadda za a liƙa, in ayaba ta ruɓe a sa wata. Tunanin ne hajar. Kuma abin ya daɗe, tun 1917 wani mai zane ɗan Faransa, Marcel Duchamp, ya aika kaskon fitsari wajen baje koli.
Galari kuwa dillali ne, amma dillalin da ke rainon mutum shekara da shekaru, shi ke biyan kuɗin rumfa a manyan kasuwanni da dakon kaya da inshora, shi ke nemo masu saye da gidajen tarihi, la'adarsa galibi rabi ne.

Abdul Tamale:
Mama ni ayabar ba ta burge ni ba gaskiya, amma kar ki yanke hukunci da ita. Mu nan Tamale muna da Ibrahim Mahama, galarin White Cube na Landan ne ke riƙe da shi. Buhunan algarara yake aiki da su, waɗanda aka zuba ƙwayar koko a ciki daga baya suka koma na masara da gawayi, yana ba 'yan kasuwa sababbi ya karɓi tsofaffin, a haɗa su da basilla a lulluɓe gini sukutum, a birnin Benis na Italiya ma ya lulluɓe bangon wani dogon lungu da su a 2015. Na tsaya dab da ɗaya, ga baƙin gawayi ga faci kan faci ga sunan mai kaya an rubuta da fenti, har warin na nan, nan take na tuna kafaɗar babana don dako ya yi a kasuwa har ya tsufa. Ban taɓa jin haka a gaban zanen fenti ba. Kuma kuɗin da ya samu gida ya dawo da su, ya buɗe cibiyar zane-zane ta SCCA a 2019, ga wurin aikinsa Red Clay inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama yara na shiga ciki ana koya musu darasi.

Zee Ƙofar Mata:
Hajiya ki bar shi ya yi, amma ki ja masa kunne kan takarda. Ni wani galari a Legas ya ɗauki aikina guda huɗu ba mu rubuta komai ba, biyu suka fita sai bayan wata takwas na ga kuɗina, shi ma da kyar. A rubuta farashi da kason kowa da ranar biya da wanda zai ɗauki asara in kaya ya lalace. Kuma kar ya saki zanen fuska, shi ke biya min haya har yau.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗazu na tambaye shi takalman na waye, ya ce na almajiran layinmu ne, ya saya musu sababbi ya karɓi tsofaffin, kuma kowane ƙafa ya rubuta garin da yaron ya fito a ƙarƙashi. Na ɗaga ɗaya na ga Maraɗi. Na ce ya kwashe su ya sa a ɗakin baya kafin ruwa ya sauko.