Bijimi a kan hanyar jama'a: manomin ya taka doka ko bai taka ba?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Masu shirin yawon ƙafa a Peak District, yankin tsaunukan nan na Ingila, ranar Asabar, a sake hanya. An turo mini hoto, ga wani ƙaton bijimi a filin da hanyar ta ratsa, har da allon gargaɗi a bakin ƙofa. Manomin nan ya taka doka. A ƙasar nan an hana sakin bijimi inda jama'a ke da haƙƙin wucewa. Ni dai a kai ƙararsa hukuma.

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, a yi a hankali. Dokar da kake nufi sashe na 59 ne na dokar namun daji da karkara ta 1981, mai aiki a Ingila da Wales, kuma ba kowane bijimi ta hana ba. Wanda bai wuce wata 10 ba, babu laifi. Wanda ya wuce haka, sai a duba irinsa. In na shanun madara ne da doka ta lissafa, wato Ayrshire, British Friesian, British Holstein, Dairy Shorthorn, Guernsey, Jersey da Kerry, to an hana, ko yana cikin garke ko shi kaɗai. In kuwa na shanun nama ne, an yarda, muddin yana tare da shanu mata ko karsana. Tarar wanda ya saɓa tana kaiwa fam 1,000. Wane launi ne na hoton?

Baban Khalifa: Ja ne jawur, da mata wajen goma kewaye da shi.

Malam Bazazzagi: To da wuya ya zama na madara. Ya fi kama da Limousin, irin shanun nama, ko danginsa. In haka ne babu abin da za ka kai.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, wannan ai doka ce ta wasa da rai. Ƙahon na nama ba ya huda ciki ne?

Ɗan Fulanin Yola: Yaya, waɗanda suka rubuta dokar nan sun san shanu. Bijimin da ya tashi cikin garke yana tsoron mutum, kuma in matansa na kusa hankalinsa na kansu. Na gidan madara ana raba shi da uwa tun yana jariri, da bokiti ake ba shi nono, ya saba da hannun mutum har ya daina ganin kwarjininsa. Ran da ya balaga sai ya ɗauke ka abokin karawa. Jersey ɗan ƙarami ne a ido, amma masu kiwo sun fi shakkarsa. Ni abin da nake tsoro a filayen nan ma ba bijimi ba ne, saniya mai ɗanyen jego ce. Ita ba ta kashedi. Bijimi zai tona ƙasa da ƙafa, ya juya maka gefe ka ga faɗinsa, ka san an ce ka tafi. Ita kuwa sai dai ka ji ta a kanka, sauran garken su biyo baya su tattake.

Hajiya Maman Iman: Gaskiyar Ɗan Fulani. Hukumar HSE, mai kula da kare lafiya a wuraren aiki, abin da take ta nanatawa ke nan: yawancin haɗurran da suka shafi masu wucewa, shanu masu maruƙa ne, kuma sau da yawa akwai kare a wurin. A 2009 saniya ce ta karya wa David Blunkett haƙarƙari a Derbyshire, tsohon ministan cikin gida fa, makaho ne, yana tafe da karen da ke masa jagora. Dokar 1981 ba ta hana sakin saniya ba.

Baban Khalifa: Hajiya, kin ƙara mini hujja ke nan. Doka ta kama ƙaramin haɗari ta saki babba. Jerin shanun madaran nan ma na 1981 ne. Brown Swiss saniyar madara ce, ina take a ciki? A 2010 an rasa rai a Nottinghamshire, bijimin da aka zarga irin wannan ne, aka gurfanar da manomin, a 2014 kotu ta wanke shi. Don me ba za a ce duk filin da hanya ta ratsa a kewaye hanyar da waya ba?

Kawu Alhaji: Ɗana, ka san tsawon hanyoyin nan? Wajen mil 140,000 a Ingila da Wales. Wa zai biya kuɗin wayar? Gonar mutum ce, harajinsa yake biya, kiwo ne abincinsa, kai kuwa shan iska ya kawo ka. A gida shanu ke da burtali ta cikin gonakin mutane, nan mutane ke da burtali ta cikin makiyayar shanu, kuma manomi ba shi da ikon toshe shi ko da rana ɗaya. Ni ina ganin an riga an ɗora masa kaya mai nauyi.

Malam Bazazzagi: Kawu, ranku ya daɗe, nauyin ma bai tsaya nan ba. Ko bijimin na nama ne, in manomi ya san dabbarsa na da tunkuyi ya sake ta a hanya, dokar dabbobi ta 1971 na iya sa shi biyan diyya, dokar kare lafiya a wurin aiki ta 1974 kuma ta ɗora masa alhakin mutanen da ba ma'aikatansa ba. An ci manoma tara mai tsoka a kan shanu mata ta wannan dokar ta 1974. Allon ma da sharaɗi: a sa shi lokacin da bijimin yake ciki, a cire in an fitar da shi. Kafa allon ƙarya don a tsorata masu wucewa laifi ne tun wata doka ta 1949.

Baban Khalifa: Diyya bayan an binne mutum. Ban gamsu ba.

Ɗan Fulanin Yola: Ko ka gamsu ko ba ka gamsu ba, Yaya, ran Asabar a tsaya a bakin ƙofa a kalli garken tukuna. Kada kowa ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. A kewaye su da nisa, ko da za a sauka daga hanyar, in an wuce a koma. Ban da gudu, ban da ihu, a rufe ƙofa. Mu ba masu kare ba ne, amma Baturen da ke bayanka yana da shi, kuma shanu karen suke bi, don haka a ba Baturen rata. Su an ce musu su riƙe kare a igiya, in shanu sun taso su sake shi, ya fi su gudu.

Hajiya Maman Iman: Akwai maruƙa a filin ko babu? In akwai, ni da yara ta bakin dam za mu bi, mu haɗu da ku wurin ajiye motoci.