Cunkoson ranar kasuwa a kan babbar hanya: Wudil, Shuwarin, Kwanar Gafan

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Duk Juma'a a Wudil, duk Litinin a Shuwarin, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, in kasuwa ta ci tafiyar minti biyar sai ta koma awa guda. Masu sana'ar hanya, kowa ya faɗi inda ya ga abin yake ɗaurewa da yadda ake kwance shi.

Direban tirela: Wa alaikumus salam. Ku fara da awo. Hanya mai hannu biyu faɗin kwaltarta mita 7.3 ne, kowane hannu mita 3.65. Faɗin tirela wajen mita biyu da rabi, tsawonta ya haura mita 15. In ta tsaya lodi, ƙafar dama a ƙasa, ta hagu a kan kwalta, ta cinye kusan rabin hannu. Ƙaramar mota za ta raɓa ta wuce, amma babbar mota irin daf ko tanka sai ta shiga hannun masu tahowa, su kuma dole su tsaya mata. Tirela ɗaya ke nan. Ranar kara, wato kasuwar shanu, kuwa jere suke yi.

Kuma ba don son rai direba yake maƙale wa titi ba. Da damina filin gefen kasuwa laka ne, mota mai kaya in ta sauka sai da janwe. Shanu kuma ba sa hawa mota sai da tudun lodi, tudun kuma sau da yawa a bakin titi aka yi shi, dole a juyo da gindin mota a gicciye hanya. Juyin nan kaɗai, gaba da baya sau uku ko huɗu, ya isa ya tsayar da hannu biyun.

Ɗan kamasho: Gaskiyar oga. Amma kar a ɗora wa manyan motoci duka. Sharon da Golf da adaidaita sahu ba sa son shiga tasha, saboda layi da kuɗin da za a cire. Sai su tsaya daidai ƙofar kasuwa suna tsintar fasinja ɗaiɗai. In ɗaya ya tsaya, na biyu ya tsaya gefensa don kar a riga shi, shi ke nan an yi sahu biyu. Ga mai rake da mai tsire sun kafa teburi a kafaɗar titi, masu tafiya a ƙasa da 'yan baro sun rasa wurin bi, sun hau kwalta.

Malamin lissafi a sakandare: Malam, ga yadda layin yake tsawo. A ce mota 10 ke isowa a minti ɗaya, wurin da ya matse kuma 6 kawai yake saki. Kowane minti an bar 4. A awa ɗaya 240. Ka ba kowace mita 7, layi ya kusa kilomita biyu. Ko an janye abin da ya toshe, ba nan take zai watse ba, sai wurin ya riƙa sakin fiye da 10 ɗin da ke isowa. Shi ya sa za ka ga babu komai a gaba amma har yanzu ana ja.

Bakanike: Ni abin da ke ƙara dagula shi nake son a lura. Mota a gosulo iska ba ta bugun lagireto, in fanka ba ta tashi sai ta tafasa. Masu J5 da suka yi lodin wuce kima suna riƙe mota da rabin kuloci a hawa, farantin kuloci ya ƙone, ka ji warinsa tun daga nesa. Mafi muni tirela mai yoyon iska. Ana ta taka birki, inji yana silo, iska ba ta cika tanki, in ta yi ƙasa sosai birki ya kama kansa. Ko mutum hamsin ba za su tura ta ba. Sai an sa weji a taya, an ɗaure ƙusar da ke matse sifirin ta saki birki a bayan tukwanen birki, sannan a ja ta. Yawancin yaran mota ba su da ƙusar, wasu ma ba su san da ita ba. Ranar kasuwa ya kamata a ajiye bakaniken manyan motoci da mai faci da sarƙar ja kusa da ƙofa. Kuma in an gama gyara a kwashe duwatsu da ganyen da aka zuba a titi, da dare su ke kayar da masu babur.

Dillalin tumatir: A Kwanar Gafan, kan hanyar Zariya, lokacin rani ne abin yake zafi, in tumatirin Kadawa ya fito. Kayan gwari ba ya jira, kowa so yake kwandonsa ya hau mota kafin rana ta buga shi. Abin da ke sauƙaƙawa shi ne raba lokaci: masu kawowa daga gona su sauke da sassafe, manyan motocin Kudu su jira a fili can baya, a riƙa kiran su da lamba in kayansu sun haɗu.

Tsohon ma'aikacin hanya: Alhaji ya kawo rabin maganin. Sauran ba ya bukatar gadar sama. A samu fili bayan kasuwa, a zuba burji kaurin taƙi guda, a daddanne da rola, a yi masa gangare da lambatu don ruwa ya wuce. A mai da tudun lodi can. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, tsakaninsu aƙalla mita 100, kowace da kwalbati mai ɗaukar nauyi da baki mai faɗi, don tirela ta karya kwana ba tare da ta ja baya ba. A jera durom daga ƙofa zuwa mita 200 kowane ɓangare, babu tsayawa, babu teburi. A inda aka mai da hanyar Maiduguri tagwaye kuma, a tsayar da mutum a mahaɗar juyawa, domin masu bin wanwe don gudun zagaye su ke haɗa gaba da gaba.

Ɗan kamasho: Durom ɗin yana aiki, Baba, amma sai da mutum a kansa. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, da 'yan Road Safety ba za su wadaci kowace kasuwa ba. Sai sarkin kasuwa da 'yan yuniyon sun ware matasa shida ko takwas, an ba su riga mai ƙyalli da usur, an yanka masu ladansu daga kuɗin shiga. In ba a biya su ba, mako na uku za ka tarar su ne ke karɓar na goro suna matsar da durom ɗin.