Muhawara: Duk inda kwalta ta bi, dole ne fili ya tashi?

Alhaji Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Maganar kuɗin asusun zumuncin nan da muka ce za mu juya, ni shawarata tana nan: mu sayi gona a wajen Zawaciki mu ajiye. Abin da na sani a dillancin filaye shi ne duk inda kwalta ko dogo ya bi, ƙasa sai ta tashi, kuma ba ta komawa baya. A Zawaciki aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna a 2021, nan kuma tashar tsandauri ta Dala take, wadda aka buɗe a Janairun 2023. Me muke jira?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ke riƙe da littafin, kuma akwai kuɗin zawarawa da na marayu a ciki. Ba zan sa hannu a fitar da ko sisi ba sai na ji ta bakin kowa.

Injiniya Bashir: Yaya Kabiru, kalmar "sai ta tashi" ita ce ban yarda da ita ba. Da me muke auna tashin? Buhun siminti da ake saya ƙasa da dubu biyar a farkon 2023 ya kai dubu goma a farkon 2024. Dalar Amurka a farashin gwamnati ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a tsakanin nan. To a ce mutum ya sayi fuloti miliyan uku ya sayar miliyan shida, yana ta murna, alhali simintin da kuɗinsa za su saya bai ƙaru da buhu ɗaya ba. Filin da babu titi kusa da shi ma ya ninka a takarda. In ana son a san rabon titi a cikin tashin, sai a ɗauki filaye biyu masu kama da juna, ɗaya inda aka yi aikin, ɗaya inda ba a yi ba, a duba tazarar da ta shiga tsakaninsu.

Alhaji Kabiru: To ai ka kawo min hujja da kanka. Je ka titin Gwarzo, daga Rijiyar Zaki zuwa Rimin Gata har Janguza, ka tambayi fuloti na bakin titi, sannan ka shiga layi na biyar ka tambaya. Naira ɗaya ce ake ciniki da ita a wuraren biyu, amma kuɗin ba ɗaya ba ne, ko kusa. Kuma ba yau aka fara ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kafin nan bayan ganuwa ta gabas gonaki ne da fili. Tasha ta zo, gyaɗa ta samu hanyar zuwa Ikko, kamfanonin Turawa suka kafa rumfuna, aka yanka Sabon Gari, Fagge ta cika. Yau wa zai iya sayen taku goma a Kantin Kwari? Dogo ne ya ja garin ya fito daga cikin badala.

Usaini: Kawu, ni kuma bari in faɗi wanda na gani da idona. Yayana yana da shagon kayan wuta a gefen wata gadar sama a cikin gari. Kafin a yi ta, mota tana tsayawa a ƙofar shagon, mutum ya leƙo ta taga ya ce a miƙo masa ƙwan fitila biyu da soket. Wata da watanni ana aiki an kange gaban shagon da kwano, ƙura har cikin kwali. Da aka buɗe gadar sai motocin suka koma sama. A ƙasa an sa shinge a tsakiyar titi, wanda ke ɗaya hannun sai ya yi dogon zagaye, kuma ba wurin ajiye mota. Rabin layin nan yanzu a rufe yake, mai gidan ya rage haya ma ba a kama ba. Kwalta ce ta bi ta nan, sabuwa fil.

Injiniya Bashir: Abin da Usaini ya faɗa haka yake, kuma yana da dalili. Gadar Ƙofar Nassarawa, ta Dangi, ta Hotoro, ta Sabon Gari, duk an yi su ne don mota ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Wanda ya ci ribar gadar Hotoro shi ne mai gida a Mariri ko Danladi Nasidi da ya daina ɓata lokaci a shataletale. Wanda ya ci ta Dangi mai fitowa daga Naibawa da Unguwa Uku ne. Mai sayen fili a bayan gari, minti nawa zai kai shi kasuwa ko ofis, shi yake biya wa kuɗi. Aiki ɗaya zai iya ɗaga filin da ke nesa da shi, ya kuma kashe shagon da ke ƙarƙashinsa.

Malama Hadiza: Ku bar ni in sa baki, don ni ce mai zama a bayan garin da ake magana. Injiniya, ba minti kaɗai ba ne yanzu, kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya sauya. Daga gidana zuwa makarantar da nake koyarwa hawa biyu ne a adaidaita sahu, dawowa ma biyu, ga yara uku kowa da nasa. Babban titin lafiyayye ne, ban ce ba. Amma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gida, in Agusta ta yi, mai adaidaita sai ya ce a nan zai sauke ki, sai ki cire takalmi ki riƙe a hannu ki tattare zani. Babu kwata, babu famfo, ruwa sai na 'yan garuwa. A layinmu kangwaye sun fi gidajen da ake kwana a ciki yawa. Na san malamai 'yan uwana da suka gina ɗaki biyu a can, suka rufe suka dawo haya cikin gari saboda albashin yana ƙarewa a hanya. Kuɗin fili yana ta hawa a bakin dillalai, mu masu haya kuma duk shekara sai an ƙara mana saboda "an yi titi".

Alhaji Kabiru: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Amma ƙarin hayar da kike kuka da shi, shi ne ribar mai gida. Mu kuma so muke mu zama masu gidan.

Barista Nafi'u: Ranka ya daɗe, kafin a zama mai gida sai an tabbata ƙasar za ta zauna a hannu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon soke haƙƙin mallaka in za a yi aikin al'umma. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, bishiyoyi, amfanin gona. Ba ta ce a biya ka kuɗin da dillali ya yi wa filin ba. Saboda haka gonar da ta fi kusa da aikin ita ce ta fi shiga haɗari. In aka faɗaɗa tasha ko aka fitar da hanyar manyan motoci ta bi ta cikinta, kuɗin mangwaro da dawa za a lissafa mana. Na biyu, yawancin abin da ake sayarwa a yankunan nan awon igiya ne, takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ranar da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta zo da nata taswirar, fulotinka na iya faɗawa tsakiyar titi ko filin makaranta. Duk abin da za a saya, a fara kai shi KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jiha, a duba ko akwai wani awon gwamnati a kansa.

Baba Ado: Yara, ina ta sauraro. Ni ɗan manoma ne daga ƙasar Kumbotso, bari ku ji yadda abin yake daga ɗaya gefen. A ƙauyenmu ba wanda ya ji labarin hanya. Sai dai muka ga baƙi a motoci masu duhun gilashi suna zuwa bayan la'asar, dillali na gaba suna biye, ana zaga gonaki. Kuɗin da suka taya ba mu taɓa jin irinsa ba. Ƙanen mahaifina ya sayar da tasa, ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, kowa na sa masa albarka. Damina biyu aka yi sai ga ma'aikata da abin awo, suna kafa turaku masu jan fenti a gefen gonar. Fuloti ɗaya da aka yanka a cikinta daga baya ya fi kuɗin da aka ba shi na gonar gaba ɗaya. Jikokinsa yau wasu suna gadi a gidajen da aka gina a wurin, wasu suna dakon bulo. Waɗanda suka ƙi sayarwa har gwamnati ta zo ta yi kashi-mu-raba da su, wato ta yanka gonakin ta ba su wani kaso na fulotan, sun fi shi samun abin riƙewa. Masu motocin nan sun san da hanyar, mu ba mu sani ba. Alhaji, ina tambayarka tsakani da Allah, mu wanne za mu zama a cikin biyun? Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Ni wannan cinikin yana min kama da shi.

Alhaji Kabiru: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi abin da ka faɗa yana faruwa, ba zan musa ba, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Amma Zawaciki ba ɓoyayyen abu ba ne. Shugaban ƙasa da kansa ya zo, an faɗa a rediyo, mai gona ya fi ni sanin abin da ke hannunsa. Ba wanda za mu zalunta.

Injiniya Bashir: To nan ne maganar ta tsaya min, Yaya. In kowa ya sani, mai gonar ya riga ya sa kuɗin jirgin a cikin farashinsa tun 2021. Mu za mu biya kuɗin jirgin da bai fara tafiya ba, ribar kuma waɗanda suka saya kafin sanarwa sun kwashe. In kuma akwai abin da ka sani wanda mai gonar bai sani ba, tambayar Baba ta hau kanmu. Babbar ribar da ake ba da labari a harkar nan kusan kullum daga wannan tazarar take fitowa.

Sannan dogo ba kwalta ba ne. Mota tana tsayawa ko'ina, jirgi sai a tasha. Layin Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 ne, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Gonar da ke tsakanin tasha da tasha abin da za ta samu shi ne ƙara da shinge, wataƙila ma a raba ta da hanyar da take fita.

Barista Nafi'u: Ga kuma jira. A 2016 aka yi ta maganar jirgin ƙasa na cikin birnin Kano, har yau ba a hau ba. Baifas ta yamma tun 2007 aka ba da kwangilarta, kowa ya ga shekarun da ta ci. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an yi su da tituna masu kyau, amma sun daɗe gidaje da yawa ba kowa a ciki. Mai kuɗin da ba ya bukata zai iya jira shekara goma. Bazawarar da ta zuba nata a asusun nan fa?

Alhaji Kabiru: Barista, ka kawo waɗanda suka yi jinkiri, ka bar Dangwauro. Da aka mayar da 'yan magani can daga Sabon Gari a 2024, je ka ga yadda ake neman shago da ɗakin haya a kewayen. Dawanau ma haka ta yi wa titin Katsina.

Malama Hadiza: Alhaji, wannan ai kasuwa ce ta kai mutane. Titin Zariya yana nan tun kafin a haife ni.

Alhaji Kabiru: Kuma don titin aka kai kasuwar can, Malama, ba a kai ta inda tirela ba za ta shiga ba. Ni ban ce kowane taku na bakin hanya alheri ba ne, shi ya sa ake neman wanda ya san wuri. Abin da nake tsoro shi ne kuɗin nan suna kwance a banki, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kullum suna narkewa muna muhawara.

Usaini: Wannan kam gaskiya ne Kawu. Amma ni in za a saya, gara ƙaramin fili mai awon gwamnati a inda mutane suka riga suka tare, ko da ya fi tsada, a kan babbar gona a inda ake jiran jirgi.

Baba Ado: Ni sharaɗina ɗaya ne. Duk wanda za a saya a hannunsa, a zauna da shi da magadansa a gaban dagaci, a gaya musu duk abin da muka ji za a yi a wurin. In sun sayar bayan haka, ina ciki.

Alhaji Kabiru: Baba, in aka yi haka kuɗin zai ƙaru, ka sani.

Baba Ado: Na sani.

Hajiya Rabi: To ga yadda za a yi. Asabar bayan azahar Alhaji zai kai mu mu ga gonar, da Injiniya da Barista da Baba. Malama, ke ma ki zo, ke za ki duba mana inda ruwa yake kwanciya da nisan wurin daga inda adaidaita ke tsayawa. Usaini, ka nemo mana filaye biyu irin waɗanda kake nufi, da kuɗinsu da hoton takardunsu, kafin Juma'a. Barista zai kai duka ukun a bincika. Masu kuɗin marayu a asusun zan kira su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amince ba za a ware nasa.

Alhaji Kabiru: Mai gonar ya ce akwai wani da ya taya, ba lallai ya jira mu har a gama bincike ba. Zan roƙe shi mako biyu.