Makaranta ta ce in cire ɗana, wai ba ya ganewa kuma ba ya zama: ta ina zan fara?

Maman Ɗan Aji Uku, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa takwas, yana aji uku a wata makarantar kuɗi a nan Zariya. Har yau ba ya iya haɗa baƙi ya karanta kalma, amma in an karanta masa labari zai maimaita shi tsaf. A aji ba ya zama wuri ɗaya, kusan kullum da shatin bulala yake dawowa. Yanzu shugaban makarantar ya ce ko ya maimaita aji ko mu nema masa wani wuri. Don Allah masana, me zan fara yi, kuma me nake da haƙƙin nema?

Ma'aikacin Lafiya, Samaru:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a sa wa yaro sunan wata lalura, a fara duba jikinsa, don yara da yawa da ake kira daƙiƙai ba sa jin malami ne ko ba sa ganin allo.

Kunne tukuna. In ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa, ko ƙyanda, ko sanƙarau, ji na iya raguwa ba a lura ba. Ki tsaya bayansa kamar tsawon hannu, ya toshe kunne ɗaya, ki raɗa lambobi ya maimaita, sannan a sauya kunne. Wannan alama kawai yake bayarwa. Awon gaske a sashen kunne na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ake yi, ko Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Sai ido, sai awon jini saboda ƙarancin jini da sikila. Ki kuma lura ko yakan yi sak na 'yan daƙiƙu, ido a kafe, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum, tana da magani, amma a aji rashin ji ake ɗaukarta.

In duk waɗannan lafiya lau, ki nemi likitan yara ya tura ku sashen ƙwaƙwalwa a nan Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Kada sunan wurin ya tsorata ki, ba hauka ake zargi ba. Likita ba ya cewa yaro na da lalurar rashin natsuwa sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu aƙalla, kamar gida da makaranta. Don haka ki tafi da littattafan aikinsa da rubutaccen bayanin malamarsa. Ki roƙi a ba ki rahoto a rubuce mai faɗin abin da makaranta za ta yi masa. Kuma kada kowa ya sa ki sayo maganin "kwantar da yaro" a kemis.

Malamar Firamare, Sabon Gari:

'Yar'uwa, abin da kika faɗa na cewa yana riƙe labari da ka amma baƙi ya gagare shi, shi ne ya fi jan hankalina. Yaron yana da fahimta. Wahalarsa wajen haɗa sauti da harafi take, kuma sau da yawa ƙiriniyar daga nan take tasowa: yaro ya gwammace a ce masa fitinanne da a tsayar da shi gaban aji ya kasa karatu.

Ga yadda za ki gane. Ki ba malamarsa ƙaramin littafi na mako biyu. Duk lokacin da ya yi wani abu ta rubuta abu huɗu a layi ɗaya: ƙarfe nawa, wane darasi, me aka sa shi kafin nan, me ya biyo baya. In kika ga rigimar tana tashi ne lokacin kwafa daga allo ko karatu a bayyane, amma lokacin lissafin baki lafiya lau, to gudun aikin yake yi. In kuma ko'ina ne, har Islamiyya da wajen cin abinci, wannan na likita ne.

A gida ki gwada shi da Hausa, ba Turanci ba. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saboda haka in ya iya karanta "gida", "tuwo", "makaranta" amma na Turanci ya gagara, matsalar ta harshen koyarwa ce. In Hausar ma ta gagara, a koma tushe: minti goma zuwa sha biyar kullum, sautin harafi ba sunansa ba, ba be bi bo bu, yana faɗa yana zanawa da yatsa a faranti mai yashi. Sabon harafi biyu ko uku a mako ya isa. Awa biyu na lesin bayan an taso ba abin da yake ƙarawa sai ƙin karatu.

Ranar da za ki zauna da makaranta, kada ki ce "a taimaka masa". Ba mai sanin me zai yi da wannan maganar. Ki nemi abubuwa ƙayyadaddu: a zaunar da shi benci na gaba nesa da taga da ƙofa, a ba shi umarni ɗaya ɗaya ya maimaita da bakinsa, a rage masa kwafa zuwa rabi, a yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki, a riƙa aikensa share allo ko raba littattafai don ya motsa da izini, kada a hana shi fita tara a matsayin horo, don yaron da bai yi gudu ba ya fi damun aji. Bulala kuwa a dakatar da ita gaba ɗaya, har da ta monita. Ki zaɓi uku ko huɗu daga ciki, malama mai yara sittin ba za ta iya goma ba. A rubuta, a sa hannu, a tsayar da ranar sake zama bayan mako shida.

Inda abin yake lalacewa: a gama magana da shugaban makaranta a ofis, malamar aji ba ta nan. Ita ce za ta yi aikin, dole ta zauna. Kuma duk sabuwar shekarar karatu sai an sake zaman da sabon malami, don takardar ba ta bin yaro da kanta.

Mai Bin Haƙƙin Yara, Kofar Doka:

Ta ɓangaren doka, Hajiya, kina da madogara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wa mutum ko hukuma nuna wariya saboda lalura, tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma, dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum. Amma sai an tabbatar da lalurar dokar za ta tsaya miki, shi ya sa rahoton likita yake da muhimmanci.

Ki bi mataki. Wasiƙa ga shugaban makaranta, kwafi biyu, a buga wa naki hatimi da kwanan wata. Ki ce ya rubuto miki dalilin da ya sa yake so a cire yaron. Da yawa a nan suke sassautowa. Shatin bulala ki ɗauki hotonsa a ranar. In ba a gyara ba, makarantar kuɗi hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna ake kai wa ƙorafinta. Da ta gwamnati ce, sai kwamitin kula da makaranta, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ki tafi da mahaifinsa ko wani babba a dangi, don a sami shaida.

Maman Ɗan Aji Uku, Tudun Wada:

Allah Ya saka da alheri. To maimaita ajin fa, Malama, in yarda?

Malamar Firamare, Sabon Gari:

Ni ban goyi baya ba, sai in an faɗa miki abin da zai sauya. Aji ɗaya, littafi ɗaya, salon koyarwa ɗaya, sakamakon ma ɗaya ne, ga kunyar zama da ƙannensa. Ki nemi ya bi 'yan ajinsa, a riƙa ware masa minti ashirin sau uku a mako tare da yara uku ko huɗu masu irin wahalarsa. Wasiƙar doka kuma ki riƙe ta tukuna har a ga zaman farko, don malamar da aka fara da barazana da wuya ta cika miki littafin nan da gaskiya. In bayan zango ɗaya ba su cika ko ɗaya daga abin da aka rubuta ba, ki sauya makaranta, ki kai wa sabuwar rahoton likita da littafin mako biyun tun ranar sayen fom.